Launin “Kin” da Launin “Ƙin”

A Gadarif, garin riɗi da dawa a gabashin Sudan, akwai Hausawan da kakanninsu suka yada zango a kan hanyar Makka, zaman kuma ya ɗore. Wani ɗalibi daga cikinsu, wanda ya tashi da Hausa a gida amma ya yi karatu da Larabci, ya soma koyon rubutun boko da girmansa. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda yake gani kamar ado ne kawai.

Wani wasa da ya ƙago a kwamfuta ne ya sauya masa ra'ayi. A tsarin ASCII kowane harafi yana da lamba: a ita ce 97, z kuma 122. Launi a allon kwamfuta shi ma lambobi uku ne, na ja da kore da shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Sai ya ce bari ya ɗauki kalma mai harafi uku ya ba kowane harafi launi guda. Ba baƙon tunani ba ne a wurinsa, don ya ga malaman hisabi suna ba alif ɗaya, ba biyu, jim uku.

Ya sa “ido”: 105, 100, 111. Ruwan toka. Ya sa “uwa”, ya sa “kin”, duk dai tokar ce, domin lambobin sun yi kusa da juna ainun. Har ya fara gajiya.

Da ya sa “ƙin”, sai lissafin ya cije. Waɗanda suka tsara ASCII a Amurka a 1963 ba su tanadar wa ƙ gurbi ba. Sai a Unicode ta samu, lambarta 409, wadda ta zarce iyakar launi. Ya debe 256, saura 153, nan take tokar ta yi ja-ja. “Kin zo” da “ƙin zuwa”, waɗanda kunnensa bai taɓa haɗawa ba amma hannunsa yake haɗawa kullum, ga su sun rabu a gaban idonsa.

Sai dai wasan ya kasa a wani wuri. “Kai” na jiki da “kai” na kiran namiji launinsu ɗaya, saboda karin sautin da ya bambanta su ba ya cikin rubutun yau da kullum. Da ya faɗa wa kakarsa kalmomin biyu, ba ta ko ɗago daga tsintar riɗinta ba ta gaya masa wanne ne wanne.