Kafin hannu ya taɓa fuskar amarya

A nan Gure, yarinyar da ta faɗi jarrabawar BEPC sau biyu ba ta da hanyoyi da yawa: aure, talla, ko zaman gida. Mu malamai da zarar sunanta ya fita daga rajista sai mu daina tambayar inda ta nufa. Ƴar ƙanena na cikin irin waɗannan yara. Ubanta ya kai ta Damagaram wurin wata mai gyaran amare da ta koyo dilka a Maiduguri, ta yi shekara guda a hannunta. Dangi suka yi ta surutu, wai an kai yarinya bauta.

Da ta zo hutu na zaunar da ita, na ce ta gaya mini abin da ta koya, kamar yadda nake tuhumar ɗalibi darasin jiya. Ta ce, "Gwaggo, wata uku ban taɓa fuskar kowa ba." Wankin tawul, tafasa ruwa, yanke farce, wanke hannu da sabulu kafin kowace mace da bayanta. Sai ta tsaya gefe tana miƙa kwano tana kallo. Abin bai ba ni mamaki ba. Mu ma a makarantar horon malamai ta Damagaram a bayan aji muka fara zama, muna kallon wani yana koyarwa, kafin a ba mu alli.

Sauran bayanin shi ya sa na gyara zama. Ta san fata mai maiƙo da busasshiya, ta san ba haɗi ɗaya ake yi musu ba. Dilkar da za a murza a ƙafa da ƙarfi, a fuska da tafin yatsu ake bi a hankali, a kauce wa gefen ido. Ba a murza fuska mai ɗanyun ƙuraje, ba a matse su. Sabon haɗi, ko na kurkum ne, sai an ɗiga a bayan kunne an jira kwana guda. Wadda aka shafa wa lemun tsami ba ta fita rana, don yana ƙona fata ya bar tabo. Baƙin lallen da aka haɗa da rinin gashi kuwa uwar ɗakinta ta hana shi shiga gidan. A garin da hunturu ke tsattsage leɓe da dunduniya kamar namu, wannan ilimi ne mai amfani ko ba a sayar da shi ba.

Amma kuɗin sana'ar ba a dilka yake ba, yana cikin man bilicin. Uwar amarya za ta zo saura mako biyu biki, ta ce a haskaka mata ƴa. Mayukan da ke yin wannan aiki da sauri suna ɗauke da hydroquinone, ko sinadarin steroid, ko zaiba. Steroid na sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, rauni ya ƙi warkewa. Zaiba na lalata ƙoda. Kodibuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, amma a kasuwanninmu suna nan jere kusa da sabulu.

Uwar ɗakin ba ta haɗa su. Yarinyar ta ga mata sun tashi da fushi sun kai kuɗinsu wani gida, ta kuma ga wannan gidan ya fi nasu ciniki. Yanzu so take ta buɗe nata wuri a Gure, da jarin da bai kai ya kawo ba, kuma masu wannan buƙata za su ƙwanƙwasa mata ƙofa tun makon farko. Na tambaye ta yadda za ta yi. Ta yi shiru, sannan ta ce aƙalla ba za ta shafa wa kowa abin da ba ta karanta jikin kwalbarsa ba.

Rubutun kwalbar da Faransanci ne ko Ingilishi, ƙanana kamar ƙwayar gero. Darasin fata da ƙoda kuwa yana cikin littafin SVT, wanda ta bari a lakwal tana murnar rabuwa da shi. Ranar da za ta koma ta roƙe ni in samo mata aronsa. Na samo wurin wani abokin aiki, tare da tsohon ƙamus da bangonsa ya cire.