NGURORE, GARIN DA AKE ƊAGA MOTA SAMA

Matafiyin da ya bar Jimeta ya nufi yamma bisa hanyar Numan, ba zai cika awa guda ba sai ya ga kansa a Ngurore, wani gari da ke cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu a Jihar Adamawa. Abu biyu ne suka sa sunan garin ya yi nisa, wato kasuwar shanu da mararrabar hanya. A nan ne hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe zuwa Numan, inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai, ta zarce Gombe da Bauchi. Ɗayar kuwa ta karkata kudu zuwa Mayo Belwa, inda mai zuwa Jada da Ganye ke sallama da mai zuwa Zing da Jalingo.

Ran kasuwa garin cika yake yi maƙil. Ga Fulani da sandunansu, ga dillalai suna ciniki cikin Fulatanci da Hausa, ga tireloli sun jeru suna jiran a loda musu shanu zuwa kudancin ƙasar nan. A gefe kuma ga ƙananan motocin ƙauye, su Golf da Starlet da a-kori-kura, suna shigowa da buhunan masara da shinkafa da gyaɗa, kaya ya yi tozo a bisa, fasinja kuma a matse a ciki.

To, wanda ya san mota, idan ya tsaya a bakin tasha ya dubi waɗannan motoci tun kafin a yi musu lodi, zai lura da wani abu. Da yawansu bayansu a ɗage yake, har mutum ya iya zura hannu tsakanin taya da bodi ba tare da ya taɓa komai ba. Ba haka suka fito daga kamfani ba, aikin makanikai ne.

Domin mai karatu ya gane, nauyin mota ba a kan taya yake zaune kai tsaye ba. Tsakaninsu akwai sifirin, wanda wani a naɗe yake kamar gammo, wani kuma falle-fallen ƙarfe ne a jere bisa juna. Shi ke ɗaukar nauyi, ya lotsa idan an faɗa rami. Kusa da shi akwai shokazoba, wadda aikinta shi ne ta hana sifirin ci gaba da rawa bayan an wuce ramin. Tsawon sifirin da ƙarfinsa su ke yanke tazarar da za ta kasance tsakanin cikin mota da ƙasa.

A Turai da Amurka da Japan, masu sha'awar tsofaffin motocin tsere rage wannan tazara suke yi. Dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne. Idan nauyin mota ya matso kusa da ƙasa, ba ta yawan karkata a kwana, tayoyinta kuma sun fi kama kwalta. Mai yin aikin bisa ƙa'ida yakan sayi gajeren sifirin mai tauri, da shokazoba wadda aka ƙera daidai da shi, ya sake robobin ƙafa da suka tsufa, sa'an nan ya kai motar a daidaita mata tsayuwar tayoyi. In bai yi haka ba, taya za ta riƙa cinyewa ta gefen ciki. Mai neman araha kuwa yanke sifirin yake yi, ko ya gasa shi da wutar walda har ya lotsa. Wannan ganganci ne, don wuta tana kashe ƙarfin ƙarfe, wata rana ana cikin gudu sai ya karye.

Ko a can ma abin bai tafi salin-alin ba. A shekarar 1958 Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar hana tuƙa motar da aka sauke har wani sashenta ya yi ƙasa da gindin ƙarfen taya. Sai samarin birnin Los Anjalas suka ɓullo da dabarar sa wa mota famfon da ke ɗaga ta idan an hango ɗan sanda, ya sauke ta idan an wuce. Ba a soke wannan doka ba sai a farkon 2024.

Yau wayar hannu ta kawo hotunan irin waɗannan motoci har Jimeta, ba mamaki kuwa saurayin da ya sami tsohuwar motar tsere 'yar Kwatano ya ji yana son tasa ta kwanta kamar tasu. A titunan cikin gari, zai iya lallaɓawa. Amma ya kawo ta Ngurore ran kasuwa ya gani. Da zarar ya sauka daga kwalta don ya ba tirela hanya, gefen titi zai kankare masa salansa. Idan damina ce, kwarin da tayoyin manyan motoci suka haƙa zai bar tudu a tsakiya, tudun nan kuwa shi zai daki kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injin. In kaskon ya fashe, mai ya tsiyaye, direba bai farga ba, injin ya tashi aiki ke nan. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Tsofaffin direbobin wannan yanki ba sa bukatar a yi musu wannan bayani, don sun yi zamani da Peugeot 504, wadda suke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna kuma, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, Yola ta zama hedkwata, ita ce motar ma'aikaci, ita ce ta haya. Abin da ya sa ta karɓu shi ne tana da tazara daga ƙasa, ƙafafunta kuma suna da wurin lotsawa mai yawa. Doguwar, wadda ake haya da ita, sifirin huɗu ne a bayanta, biyu a kowane gefe.

Abin sha'awa, wannan mota ta yi tsere, ta kuma ci. Ita ta lashe gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1975, ƙanwarta mai ƙofa biyu da injin silinda 6 ta sake lashewa a 1978. A wannan gasa ta ƙura da taɓo da duwatsu, ɗaga motocin ake yi, a ƙarfafa musu ƙafa, a rufe cikinsu da farantin ƙarfe. Ashe ko a fagen tsere, hanya ce ke faɗa wa mota tsayin da za ta yi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ɗagawar da ake yi a garejin bakin hanya ba ta da nata aibin. Bakanike yakan ƙara falle ɗaya ko biyu a sifirin a-kori-kura, ko ya ciro na babbar mota ya sa wa ƙarama, ko ya cusa mata roba mai kauri. Motar za ta ɗauki buhunan da suka fi ƙarfinta ba tare da ta zauna ba, direba ya yi murna. Amma birkinta yana nan yadda yake, tayoyinta ma haka. An ƙara mata ƙarfin ɗauka, ba a ƙara mata ƙarfin tsayawa ba. Bugu da ƙari, nauyi ya koma sama, ga kaya a kan rufi. Ranar da saniya ta ɓullo a kwana, direba ya murɗe sitiyari da sauri, motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa. Waɗanda ke ciki kuwa manoma ne da mata masu tallar nono, waɗanda ba a yi shawara da su ba ranar da aka shiga gareji.

Saboda haka, da saurayin Jimeta mai son saukewa da direban Ngurore mai son ɗagawa, shawara guda ce ta dace da su. Duk wanda zai taɓa ƙafar mota, ya taɓa ta gaba ɗaya, sifirin da shokazoba da birki da taya, kada ya gyara ɗaya ya bar uku. Ya kamata kuma shugabannin tasha da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, su riƙa duba ƙarƙashin mota kamar yadda suke duba takardunta. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.