Ƙarfin Mota Ba a Inji Kaɗai Yake Ba

Duk wanda ya san garin Mubi ya san cewa arzikinsa a kan taya yake tafiya. Shanun da ake lodawa a babbar kasuwar shanu zuwa Kudu, da wake da gyaɗa da masara da ake saukowa da su daga ƙauyukan gindin duwatsun Mandara, da kayan masarufi da ake haurawa da su ta Sahuda zuwa Kamaru, babu ɗaya da ke isa inda za shi sai a bayan mota. Manyan motocin nan kuwa, da wasu daga cikin a-kori-kurar da ke shiga lunguna, man gas suke sha, watau dizal. Saboda haka in aka ce injin gas ya gaza, maganar abincin gidaje ake yi.

To, akwai wata gardama da ta shigo tashoshinmu da garejoji a 'yan shekarun nan. Mutum ne motarsa ba ta jan kaya yadda yake so, sai a kawo masa shawara biyu. Wasu su ce ya kai ta a taɓa mata ƙwaƙwalwa da kwamfuta, ƙarfinta ya ƙaru a wuni ɗaya da kuɗi kaɗan. Wasu kuma su ce ya sayar da ita, ya cika kuɗi ya sayi mai babban inji. Kowane ɓangare yana da hujja, amma ni a ganina duka biyun sun tsallake tambayar da ta kamata a fara yi.

Gardamar nan ta iske ni har gida. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da Hilux mai injin gas lita 2.5, 'yar Kwatano, wadda ya sayar da gona da shanu biyu kafin ya mallake ta. Da ita yake kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye, da ita kuma yake ciyar da mutum goma sha ɗaya. Da damina ta ja baya sai ya lura motar tana nishi a hawa, tana zubar da baƙin hayaƙi, wani lokaci sai yaran mota sun sauka sun sa mata waigi. Wani saurayi da ya koyo aikin kwamfutar mota a Kano ya yi masa alkawarin ƙarin ƙarfi, wani dillali kuma ya nuna masa irin tasa mai lita 3.0. Sai ya aiko aka kira ni, ya ce, "Ɗana, ku ne kuka yi boko, kuna kuma rubutu a jarida. Wanne zan ɗauka? In na yi kuskure a nan, ba ni da wata gonar sayarwa."

Kafin a amsa irin wannan tambaya, tilas ne a san abin da ake taɓawa. Tun da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar da injinsa a garin Augsburg cikin 1897, ƙa'idar ba ta sake ba: a matse iska a cikin silinda har ta yi zafi, sa'an nan a fesa mata mai, ya kama da kansa ba tare da fulogi ba. Ƙarfin injin yana ga yawan man da aka fesa, da yawan iskar da ta tarye shi, da lokacin da aka yi feshin. A tsofaffin injuna, irin na Land Cruiser mai suna 1HZ wanda ya fito cikin 1990, famfon injekta ne ke raba mai, kuma kanikawanmu sun daɗe da sanin cewa in aka murɗa wani ɗan kusa a jikinsa mota za ta ƙara kuzari. Amma daga 1997, lokacin da kamfanin Bosch ya sa sabon tsarin feshi a motar Alfa Romeo 156, aikin ya koma hannun wani ɗan akwati da muke kira ƙwaƙwalwar mota. A wannan tsari ana tara man a bututu ɗaya da matsin da ya ninka na iskar taya fiye da sau 500, ƙwaƙwalwar kuma tana bin wani jadawali da kamfani ya rubuta mata, wanda ke gaya mata yawan man da za ta saki da yawan iskar da tobo zai cusa. Sake rubuta wannan jadawali shi ne aikin mai kwamfuta. Watau tsohon murɗa kusa ne ya sake riga.

Ba za a ce aikin ƙarya ba ne. A injin gas mai tobo, masu sana'ar sukan yi alkawarin ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma sau da yawa direba yakan ji bambancin tun a giyar farko. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce kamfanoni da kansu suna fitar da inji ɗaya da ƙarfi iri iri. Injin Toyota mai lita 2.5 da ake kira 2KD ya fito da ƙarfin doki 102, ya fito da 120, ya kuma fito da 144. Sai dai akwai abin da ba su cika faɗa ba. Kafin kamfanin ya kai shi 120 sai da ya ƙara masa na'urar sanyaya iska, kafin ya kai shi 144 kuma sai da ya sake masa tobo. Ashe ba rubutu kaɗai aka canza ba, har da ƙarfe.

Me ya sa kamfani ke barin rarar ƙarfi a cikin inji bai taɓa ba? Domin bai san hannun da motar za ta faɗa ba. Ya bar rarar ne saboda ƙasa mai zafi, da mai maras kyau, da direban da ke jinkirin juye baƙin mai, da mai kayan da ba ya jin an ce ya isa. Wanda ya karanta wannan jeri zai ga kamar Mubi aka zauna aka siffanta. A watannin Maris da Afrilu zafin garinmu yakan kusanci 40 a ma'auni. Ƙarin mai a silinda kuwa ƙarin wuta ne: in aka matsa wa inji a hawa da kaya, zafin hayaƙinsa yakan wuce 700, alhali fistin da alminiyam aka yi shi, alminiyam kuma yana narkewa a 660. Abin da ke tsakanin fistin da narkewa shi ne baƙin mai da ruwan lagireto, mai kwamfuta kuwa bai ƙara girman lagireto ba, bai sake kuloci ba, bai taɓa birki ba.

Sa'an nan ga maganar man kansa. A Turai, tun 2009 doka ta hana farar wuta da ke cikin gas ta wuce kashi 10 cikin miliyan. Cikin 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa irin ƙazamin gas da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma, a lokacin iyakar da dokar Nijeriya ta yarda da ita 3,000 ce. A ƙarshen shekarar Nijeriya da wasu maƙwabtanta suka amince a sauko da ita zuwa 50, matatar Dangote kuma ta fara sayar da nata gas cikin 2024. An samu ci gaba, amma direban da mai ya yanke masa a ƙauye wajen 'yan bumburutu zai saya, a jarkar da ƙura da ruwa suka riga shi shiga. Nozul na zamani ramukansa ba su fi kaurin gashi ba. Ƙara masa matsi a kan irin wannan mai gajarta masa kwana ne.

Da wannan ɗan sani na raka Kawu wajen wani dattijon bakanike da ya shekara fiye da talatin yana kwance famfon injekta. Bai ko kalli ƙwaƙwalwar ba. Ya zare filtar iska ya buga ta da ƙasa, ƙura ta turnuƙe. Ya kwance ta mai, ya nuna mana laka a gindinta. Sa'an nan ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, buhu nawa kake ɗora mata?"

Kawu ya ce, "Sha takwas, ran kasuwa ashirin."

Dattijon ya ce, "Buhu ashirin na wake tan biyu ke nan. Ita kuwa masu ita tan ɗaya suka yi ta ta ɗauka. Baƙin hayaƙin nan da kake gani kuɗinka ne ke fita ta salansa bai ƙone ba. Jakin da ke numfashi ta tsumma, an kuma ɗora masa kayan raƙumi, ai ba bulala yake bukata ba."

Na ce, "To Baba, in ya sayi mai lita 3.0 fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan nan, je ka leƙa ƙarƙashinsu duka biyun, ka dawo ka gaya mini wadda ta fi yawan sifirin."

A nan ne hujjar dillali ta rushe. Gaskiya ne injin lita 3.0, watau 1KD, yana ba da ƙarfin doki 163 zuwa 171, kuma kamfani ya haɗa shi da abin da zai jure wannan ƙarfi. Ta wannan fuska ya fi injin da aka taɓa da kwamfuta aminci nesa ba kusa ba. Amma gangar jikin ɗaya ce, nauyin da aka yarda su ɗauka kuma kusan ɗaya ne. Babban inji zai haye da tan biyu cikin sauƙi, amma a gangara birkin tan ɗaya ne zai tsayar da su. Duk wanda ya taɓa saukowa daga kan dutse a bayan a-kori-kura, yana zaune a kan buhuna yana jin ƙaurin birki, ya san abin da nake nufi.

Ga kuma tsada. Cikin 2022 litar gas ta tashi daga wajen Naira 300 ta haura 800. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dalar da ake canzawa wajen Naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 cikin 2024, farashin motoci da kayan gyaransu kuma ya bi ta. Mutanen Mubi, waɗanda da yawansu suka sake tara jari daga tushe bayan 'yan Boko Haram sun mamaye garin a watan Oktoba na 2014, sun san zafin kuɗi. Bugu da ƙari, ba kowace sabuwar mota ce ta dace da mu ba. Waɗanda aka ƙera don Turai suna da matatar toka a salansa wadda ƙazamin mai ke toshewa. Ba banza ba kamfanin Toyota ya ci gaba da sayar wa Afirka tsohon injin 1HZ maras tobo shekaru da dama bayan Turai ta bar shi.

Jadawalin nan na ƙwaƙwalwa ba abin wasa ba ne ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya rubuta wa motocinsa na gas dabarar ɓoye gubar hayaƙinsu a lokacin gwaji, kamfanin kuma ya amsa cewa abin ya shafi motoci wajen miliyan 11 a duniya. A Ingila wanda ya sake jadawalin motarsa tilas ya sanar da kamfanin inshora, in ba haka ba ranar haɗari a ƙi biyansa. Mu a nan, mai 'yar Kwatano ba shi da garanti, ba shi da wanda zai kai wa kuka. In inji ya buga, shi da aljihunsa ne.

Ban ce taɓa ƙwaƙwalwa haramun ne ga kowa ba. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Mubi da Yola ta Hong da Gombi da Song, shi da jakarsa, injinsa lafiyayye, yana shan mai a gidan mai da ya amince da shi, yana iya neman ɗan ƙari domin wuce tirela cikin hanzari. Sharaɗi dai ƙarin ya zama kaɗan, mai aikin ya san aikinsa, ya kuma ajiye masa jadawalin asali don a iya mayarwa. Mai ɗaukar kaya a duwatsu kuwa, rarar nan ita ce garkuwarsa, cinye ta tamkar cin irin shuka ne.

Kawu bai ɗauki ko ɗaya daga shawarwarin biyu ba. An sake filtoci, an gyara nozul, an wanke lagireto, motar ta dawo da ƙarfin da ta zo da shi. Ya sauko da lodi zuwa buhu goma, ran kasuwa ya yi sawu biyu. Sawu na biyu yana cin mai da lokaci, kuma ribarsa ta ragu, wannan babu musu. Amma ya shiga adashi da niyyar sayen Canter, wadda tun daga masana'anta don tan uku aka yi ta. Wannan shi ne ƙarin girma na gaskiya, domin inji da sifirin da birki da taya tare suka girma.

Saboda haka, ya ku masu motoci da direbobi, kafin ku tambayi wanda zai ƙara wa motarku ƙarfi, ku fara tambayar ina ƙarfinta na asali ya tafi, sa'an nan ku tambayi ko aikin da kuke ba ta nata ne. In datti ne ya cinye ƙarfin, magani yana wajen bakanike. In kaya ne suka fi ta, kwamfuta ba ta rage nauyin buhu. Hausawa sun ce zafin nema ba ya kawo samu, kuma a kan hanyoyinmu ba dukiyar mai mota kaɗai ke bisa taya ba, har da rayukan yaran mota da fasinjojin da suka ɗare kan kaya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a abin da muke nema, amin.