Shekaruna a Dandalin Laka na Samaru

A garinmu, lokacin da nake tasowa, karatun jami'a iri uku ne a idon mutane: likita, lauya, injiniya. Wanda bai samu ɗayan ukun ba sai ya nufi aikin malanta ko aikin mulki, a bi shi da addu'a. Saboda haka ranar da takarda ta zo cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauke ni in karanci Turanci da wasan kwaikwayo, mahaifina ya daɗe yana jujjuya ta kafin ya ce, "To kai yanzu Samanja za ka zama, ko Karkuzu?" Ba don raini ya faɗa ba, domin yana cikin masu tashi daga hirar ƙofar gida su tafi gidan maƙwabci mai talabijin idan lokacin Samanja ya yi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda za a kwashe shekaru ana koya wa mutum abin da 'yan wasa irin su Usman Baba Pategi da Kasimu Yero suke yi da baiwar da Allah ya hore musu. Na ce, "Baba, sai na je na gani." Ya ce, "Allah ya sa albarka," ya miƙo mini takardar.

Na isa Samaru a tsakiyar shekarun 1980. Jami'ar, wadda aka kafa a 1962, cike take da dogayen gine-ginen siminti, amma ajinmu na gaske ginin ƙasa ne. Wani Ba'amurke mai zanen gini, Steven Ehrlich, shi ya tsara shi a 1976, maginan gargajiya suka ɗora shi da laka: zagayayyun ɗakuna da katanga ta haɗe, an yi musu ado irin na soron Hausa, fili a tsakiya, sama a buɗe. Idan ka shiga sai ka ji ƙamshin ƙasa, musamman bayan yayyafin farko. Babu labule, babu wani tudu da zai ɗaga ɗan wasa sama da mai kallo. Duk inda ka juya ido na kallonka, ba ka da bayan da za ka ɓoye. An fara koyar da fannin a 1975 a ƙarƙashin Michael Etherton, wanda ya zo da gogewar aikin Chikwakwa na ƙasar Zambiya, tare da abokan aikinsa irin su Brian Crow; su Salihu Bappa da Oga Steve Abah kuma suka taso a cikin tsarin, suka ci gaba da riƙe shi.

Da jiki aka fara mana. Da sassafe za mu tuɓe takalma, a sa mu numfashi har sai ciki ya cika, a sa mu fitar da murya daga cibiya ta isa katangar ƙarshe ba tare da ihu ba. Daga nan aka tura mu kasuwar Samaru, kowa ya zaɓi mutum ɗaya ya zuba masa ido. Ni ɗan ga-ruwa na zaɓa, wani dattijo mai sanda da garwa biyu. Na lura ba ya taka ƙasa da dunduniya. A kan tafin ƙafa yake tafiya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, don kada ruwan ya yi tambal-tambal. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka ko ba ya ɗauke da komai. Idan ya sauke garwa ba ya miƙewa nan take, sai ya dafa ƙugu, ya ɗan tsaya, sannan ya karɓi kuɗi. Da na kwaikwaye shi a dandali malaminmu bai yaba ba, bai kushe ba. Tambayata ya yi: nawa ake sayen garwa, sau nawa yake zuwa rijiya, wa yake ciyarwa? Ya ce in koma in gaishe shi, in zauna da shi. A ranar na fara fahimtar cewa ba a ari tafiyar mutum a bar labarinsa.

Karatun takarda ma mun sha shi. Mun bi Sofokilis na Girka da Brecht na Jamus da Wole Soyinka, mun bi Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Amma darasin da ya fi taɓa ni shi ne wanda aka ɗauko tashe aka ajiye shi a tebur ɗaya da waɗannan littattafai. Abin da muke yi muna yara daga goma ga azumi, da gemun auduga da tsumma a ciki, ashe wasan kwaikwayo ne cikakke, mai jigo da zubi da saƙo. Haka wasan gauta, inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansu, a nuna musu halinsu cikin raha. Kakanninmu sun daɗe da sanin cewa akwai gaskiyar da ba ta faɗuwa baki da baki, sai an sa mata riga an fito da ita fili.

Mutum biyu daga Birazil su suka ba wa wannan tsohuwar hikima tsari a kawunanmu. Paulo Freire ya soki irin ilimin da ake mayar da ɗalibi asusu, malami yana zuba masa sani ta ƙaramar kafa shi kuwa yana zaune shiru. Augusto Boal ya ɗauki wannan tunani ya kai shi dandali: a nuna matsala, a tsayar da wasa, a gayyaci mai kallo ya shigo ya gwada mafitarsa. Mun kuma karanci abin da ya faru a Kamiriithu ta ƙasar Kenya, inda manoma da ma'aikata suka gina dandalinsu suka yi wasa da harshen Gikuyu a 1977, aka tsare Ngugi wa Thiong'o a ƙarshen shekarar, aka rushe dandalin a 1982. Wannan ya nuna mana cewa abin da muke koyo yana da nauyi, tunda har gwamnati na iya jin tsoronsa.

Magabatanmu a sashen sun fara fita ƙauye tun 1977, da Wasan Manoma a Soba, sannan aka je Maska da Bomo da sauransu. Da namu lokacin ya zo, aka kai mu wani ƙauye da ba shi da nisa da Zariya, ana tsakiyar matsin tsarin tattalin arziki na SAP da aka shigo da shi a 1986. Muka fara da zauren mai gari, muka zube muka kwashi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, mu 'yan makaranta ne, mun zo mu koyi zama da ku." Ya ce, "Samari, ai baƙo rahama ne," ya raba mu gida-gida. Ƙa'idar ita ce kada mu zo da labari a aljihu. Mu je gona, mu zauna a majalisa, mu ci tuwon da aka ci, mu saurara. Kowace hira, ko daga ina ta faro, a kan taki take ƙarewa: ba ya zuwa sai an gama huɗa, idan ya zo kuma buhunan sun bi ta hannun masu uwa a gindin murhu, talaka ya saya a kasuwa da kuɗin bashi, da kaka ya biya da hatsi.

Muka haɗa wasa tare da samarin garin, aka yi shi bayan la'asar a gindin wata tsamiya, kalangu ya tara jama'a. Ni na fito a manomin da ya je layin taki ya dawo hannu rabbana, ya zauna a ƙofar gida ya rafka tagumi. Mai jan ragamar wasan ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, haka abin yake?" Sai wani dattijo ya miƙe daga kan buzunsa ya ce, "Yaro, ba haka ba ne. Wanda aka hana taki ba ya zama. Gidan mai ba da bashi yake wucewa tun kafin ya shiga gida, don kada iyali su ga fuskarsa." Aka ce, "Baba, zo ka nuna mana." Ya yi jim, sannan ya karɓi hular da ke kaina ya sa. Ya taka a hankali zuwa wurin yaron da ke matsayin mai bashi, ya durƙusa, ya fara gaisuwa mai tsawo, yana tambayar gida da yara da gajiya, yana zagaye maganar ya kasa furta ta. Dariyar da ake yi ta ɗauke. Daga bayan taro wata tsohuwa ta ce, "Wallahi haka ake yi." Daga nan wasan ya fita hannunmu. Wani ya shigo ya gwada kai ƙara wurin mai gari, aka ce an sha yi. Wani ya gwada haɗa kuɗi a tura mutum uku su sayo kai tsaye, aka tsaya ana lissafin kuɗin mota da wanda za a amince wa. Magariba ce ta tashe mu.

'Yan matan ajinmu su suka shiga cikin gidaje wurin matan kulle, suka dawo da wani labarin dabam: naƙuda mai tsawo, da nisan asibiti, da jiran izinin maigidan da ya tafi cin rani. Wasansu a tsakar gida aka yi shi, da shantu da kiɗan ƙwarya, babu namiji ko ɗaya. Da ba su cikinmu, da rabin garin kawai muka ji.

Mun sha gardama a kan iyakar wannan aiki. Wasa ba ya sauke buhun taki, kuma ɗalibi yana da motar da za ta mayar da shi makaranta, manomin da ya yi magana a bainar jama'a kuwa nan zai kwana da waɗanda ya ambata. Wannan damuwa na cikin abin da ya sa masu fannin suka nemi hanyar ɗorewa a wajen aji, har aka kafa ƙungiyar Nigerian Popular Theatre Alliance a 1989. Ni dai abin da na riƙe shi ne, mutumin da ya tsaya gaban garinsu ya nuna ciwonsa, ya ji an ce "haka ne", ya daina ɗaukarsa a matsayin gazawarsa shi kaɗai.

Amfanin wannan fanni a fagen warkarwa sai daga baya na gan shi da idona. A aji mun ji labarin Jacob Moreno, likitan ƙwaƙwalwa da ya fara aikinsa a Biyana kafin ya koma Amurka a 1925, wanda yake sa marasa lafiya su buga abin da ke damunsu maimakon su ba da labarinsa kawai. Bayan 2014, lokacin da rikicin arewa maso gabas ya cika Maiduguri da 'yan gudun hijira, aiki ya kai ni wani sansani tare da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai yaran da ko sunansu ka tambaya sai su sunkuyar da kai. Ba mu tambaye su abin da suka gani ba, domin tono irin wannan rauni aikin ƙwararru ne, kuma yana iya ƙara illa. Wasan kasuwa muka shirya: wannan mai tumatir, wannan mahauci, wannan ɗan dako. Wata yarinya da ta daɗe tana rakuɓe a jikin tanti ta matso ta jera duwatsu kashi-kashi. Na tsuguna na ce, "Hajiya, nawa ne ƙosan?" Ta dube ni, ta faɗi kuɗi. Na taya, ta ce albarka. Ma'aikaciyar da ke kula da ita ta ce rabon da ta ji muryarta da ƙarfi haka an daɗe. Ba warkewa ta yi a ranar ba, amma ta sami matsayin da take da iko a cikinsa, har tana iya cewa a'a, kuma daga nan masu jinyarta suka sami bakin zaren.

Yau fim ɗin Hausa, wanda ya faro da su Turmin Danya a 1990, ya zama babbar sana'a, matasa da yawa kuma suna ganin kyamara ce kaɗai makomar ɗan wasa. Ina yi musu fatan alheri. Sai dai ƙasar da ke da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, da garuruwan da manomi da makiyayi suka daina gaisawa, tana bukatar mutanen da aka horar su zauna a tabarma, su saurara, su buɗe fili inda mai ciwo zai nuna ciwonsa ba tare da an kunyata shi ba. Wannan horo ana koyonsa kamar kowane fanni, da malami da littafi da shekaru. Iyayen da ɗansu ko 'yarsu ta zo musu da sha'awar wannan karatu, su bincika tarbiyyar wurin kamar yadda za su bincika ta kowane wuri, sannan su sa albarka. Al'umma na da aikin da take jiran su yi mata.