MARAƊI, GARIN DA RUWA YA TASA DAGA HWADAMA

Matahiyin da ya hito daga Gidan Runji, ya bi ta Tibiri za shi Maraɗi, hwadama ce ke raka shi. Ga itatuwan mangwaro, ga garake na tumatir da zogala, ga baƙar ƙasa mai danshi. Wannan ita ce hwadamar Gulbin Maraɗi. Gulbin daga Najeriya shike hitowa. Shina shigowa Nijar ta wajen Jibiya, ya ratsa ƙasar Madarunhwa, ya wuce yamma ga Maraɗi, ya bi Tibiri da Gidan Runji, kana ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da rani yashi ne, ana taka shi da ƙahwa. Da damana ruwa ne ja mai gudu.

Birnin Maraɗi kuwa bisa tudu shike, gabas ga gulbi. Amma ba nan ya hwara zama ba.

Tsohon gari

Katsinawan da sunka baro Katsina bayan jihadi, cikin hwadama sunka kahwa gari. Wurin na da ruwa kusa, da ƙasar noma, da kurmi mai wuyar shiga ga abokan gaba. Sama da shekara 100 garin na nan ƙasa. Shekarar 1945 gulbi ya cika ya batse, ya shiga gari. Gidajen ƙasa sunka jiƙe sunka zube. Sai hukumar Turawa ta wancan lokaci ta tada mutane, ta maida su bisa tudu. An ja hanyoyi miƙaƙƙu masu hwaɗi, an yanka hilaye murabba'i, kamar ramun dara. Unguwanni sunka hau tudu da sunayensu: Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Limanci, Ɗan Gulbi. Baƙon da ke yawo cikin waɗannan unguwanni yau, ya ga hanya ta miƙe ba lauje, to aikin wannan shekara ne shike takawa.

Ƙaurar nan ta raba gari da ruwan gulbi. Wajen shekarar 1990 kuma anka gina madatsar ruwa a Jibiya, ƙasar Katsina, wadda ke tare wani rabo na ruwan kahin ya iso Nijar. Mutane da yawa sunka ɗauka maganar ambaliya ta ƙare.

Ruwan da ke hitowa daga cikin gari

Maraɗi gari ne na kasuwanci, kuma ya yi girma da sauri. Ƙidayar 1977 ba ta samu mutum 50.000 ba. Ƙidayar 2012 ta samu wajen 267.000. Gonakin da ke kewaye da gari sun zama unguwanni, irin su Zariya da Ali Ɗan Soho. Inda da can hatsi ke tsaye, yashi na shanye ruwa, yanzu ruhin kwano ne, da daɓen siminti, da hanya mai tauri. Ruwan da bai samu wurin nutsewa ba gangara shike nema. Gangarar Maraɗi kuwa yamma ta nuhwa, wajen hwadama.

Wanda ya tahi bakin tudu, inda gari ke kallon gulbi, zai ga kwazazzabai. Ruwan gari ne ya haƙa su. Kowace damana suna ƙara zurhi, suna cin gindin gidajen da ke gehe. Yashin da sunka kwaso kuma, garaken mutanen hwadama shike binnewa. Ke nan hasara biyu ce: mai gida bisa tudu ya yi, mai garka ƙasa ya yi.

Ran 30 ga Agusta 2024, ruwan da ya sauka Maraɗi cikin ɗan lokaci ya wuce milimita 100. Gwamnan jaha ya ba da sanarwar mutuwar mutum 15. Ga lissahin da kowa ke iya yi da alli. Milimita 1 na ruwan sama, lita 1 ce bisa kowane mita murabba'i. Hilin gida mai mita 20 tsawo, mita 20 hwaɗi, mita murabba'i 400 ne. In milimita 100 sunka sauka, gidan ya karɓi lita 40.000. Wato ganga 200, kowace mai cin lita 200. Gida guda ke nan. Sai mai karatu ya ƙiyasta na unguwa, kana na gari duka. Ruwan shekara a ƙasar Maraɗi wajen milimita 500 ne. Ashe kashi 1 cikin 5 na ruwan damana ya zubo rana guda.

Damanar nan ba Maraɗi kaɗai ta taɓa ba. Cikin Nijar duka, ambaliya ta shahi sama da mutum miliyan 1. A Damagaram tsohon masallacin unguwar Birni ya hwaɗi. Gwamnati ta ɗaga komawa lakwal har zuwa 28 ga Oktoba, don mutanen da sunka rasa gidaje na kwana cikin azuzuwa.

Aikin wane ne?

Hanyar ruwa cikin gari aikin ma'aikatar magajin gari ne. Ita ke yanka hilaye. Ita ke cewa nan a gina, nan kar a gina. Ita ke da alhakin magudanan ruwa, waɗanda mutanen birni ke kira kanibo, da kwashe shara. Aikin kashi uku ne. Na hwarko taswira: masana su auna tudu da gangara, su san inda ruwa ke bi da inda shike kwanciya, kahin a raba hili ko guda. Na biyu gini: manyan magudanai na siminti da za su kai ruwa ƙasa ba tare da sun ci bakin tudu ba. Na uku gyara: a yashe magudanan kowace shekara kahin ruwan hwari. Magudanar da ta cika da yashi da leda, da ita da babu duk ɗaya.

Ina kuɗin ke hitowa?

Aljihun ma'aikatar magajin gari daga jama'a shike cika. Akwai kuɗin tikitin kasuwa da na tasha, da patanti na ƴan kasuwa, da lanho, da kuɗin saida hilaye. Daga cikin wannan ake biyan ma'aikata, a sayi mai, a kwashe shara. Abin da ya rage ba shi isa a gina manyan magudanai. Nan ne kuma tarko shike. Ma'aikatar da ke neman kuɗi da gaugawa tana iya saida hili cikin kwari. Kuɗin ya shigo bana, ruwa ya shigo baɗi.

Hanya ta biyu ita ce gwamnati. Shekarar 2008 an kahwa wata hukuma mai suna ANFICT don ta riƙa isar da taimakon gwamnati ga ƙananan hukumomi. Shekarar 2015 kuma, da Maraɗi ta karɓi bikin 18 ga Disamba, an yi ayyukan da anka kira Maraɗi Kwalliya, an gyara manyan hanyoyi na cikin gari.

Hanya ta uku taimakon waje. Shekarar 2022 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 250 don wani shiri mai suna PIDUREM, na kare garuruwan Nijar daga ambaliya. Maraɗi da Tasawa na cikin garuruwan. Sai dai kuɗin waje ba hannun gari shike ba. Bayan canjin mulki na Yuli 2023, bankin ya tsaida biya na wani lokaci. Kuma mai taimako gini shike yi ya tahi. Yasar magudana ta shekara shekara, mutanen gari ta ke jira.

Game da masu riƙon aljihun, daga zaɓen 2004 wakilan da jama'a ta zaɓa ne sunka riƙa zama su tsara kuɗin shekara. Watan Afrilu 2024 gwamnati ta rushe majalisun, ta naɗa kantomomi. Ko wane ne bisa kujera, tambayar talaka ba ta canza ba: nawa anka tara, nawa anka ware don hanyar ruwa, kuma wane wata za a hwara yasa?

Abin da ya shahi mutumin ƙauye

Manomi na iya cewa wannan damuwar ƴan birni ce. Ba haka ba ne. Da yawa sukan saida wake ko sa, su sayi hili bayan gari don ɗiyansu. Hilin da ya hi arha sau da yawa shi ne hanyar ruwa. Kahin mutum ya biya, ya tahi ya ga wurin cikin watan Agusta, bayan ruwa mai yawa. Ya tambayi tsohohin da sunka noma wurin ko ruwa na kwanciya. Ya nemi takardar hili mai hatimin ma'aikatar magajin gari, ya sa wanda ya iya karatu ya karanta mishi, in shi bai ƙware ba tukuna. Tun ran gini ran zane.

Wanda ya kai kaya ko bisa kasuwar Maraɗi, in ya biya tikiti, ya karɓi takardarshi. Kuɗin da anka karɓa ba takarda ba shi isa aljihun gari, balle ya yashe magudana.

Gona ma na da nata rabo. Manoman ƙasar Maraɗi sun yi suna da sassaben zamani, wato barin ƴan itatuwa su tashi cikin gona, tun shekarun 1980. Gonar da ke da gawo da kalgo, da jerin duwatsu ko ramun rabin wata, tana shanye ruwa inda ya sauka. Mai gona ya samu danshi. Yashi ya ragu cikin ƙoramu da gulbi.

Shekarar 1945 Maraɗi ta samu tudun da za ta hau. Yau gari mai mutane dubu ɗaruruwa ba shi ɗaukuwa. Abin da ya rage shi ne a bar ma ruwa hanyarshi, a tanadi kuɗin gyaranta tun da rani, kahin hadari ya haɗu gabas.