Ƙwaya ɗaya kafin karin kumallo

Jiya da yamma a kemis, wata baiwar Allah da ke gabana ta tambayi kuɗin maganin tayirod. Da aka faɗa mata sai ta yi jim, ta ce a ba ta kati ɗaya kawai, za ta riƙa sha yau ta tsallake gobe. Har bakin titi na bi ta na tsayar da ita, domin ni ma na taɓa yin wannan dabarar kuma na ji a jikina.

Da yawanku ba ku sani ba, shekara 11 ke nan ina shan lebotiroksin kullum, kuma haka zan ci gaba har ranar da Allah zai karɓi abinsa. Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Sinadarin da take fitarwa shi ke saita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, har al'adar mace. Tawa ta gaza. Garkuwar jikina ce ta juyo tana cin ta, cutar da ake kira Hashimoto, sunan likitan Japan da ya fara bayaninta a 1912.

Mutanenmu maƙoƙo suka sani, wanda galibi rashin aidin ke kawowa, shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishiri a Najeriya. To ni wuyana bai kumbura ba, don haka ba wanda ya yarda ciwo ne. Ana zafin Afrilu a Kano ina lulluɓe da bargo. Gashina yana bin mataji, ina ƙiba ba tare da cin kirki ba, in ɗora tukunya in manta. A gida aka ce son jiki ne. Wata gwaggona ta ce sanyi ne, wata ta ce a bincika ko sammu ne, na sha jiƙe-jiƙe har na gaji. Ƙarshe gwajin jini guda ɗaya, TSH, shi ya warware zancen. Na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 0.4 da 4.0, nawa ya yi sama sosai.

Maganin 'yar mitsitsiyar ƙwaya ce, amma akwai ta da ƙa'ida. Da ruwa zalla ake sha, ciki babu komai, sannan a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a karya. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam sai an ba su tazarar awa 4, in ba haka ba sai su riƙe shi a hanji ya wuce a banza. Wannan ban san shi ba sai da na yi cikin Auta, ina haɗa su da wanda ake ba mu a wajen awo in watsa gaba ɗaya. Kuma mai ciki ƙarin magani take buƙata, don a watannin farko jariri da sinadarin uwa ya dogara. Awara ma, da duk abin da aka yi da waken suya, ba a cin su kusa da lokacin shan maganin. Ni da awara kuwa kun san tsakaninmu, sai na mayar da ita ta yamma. Da azumi nakan riga kowa tashi, in sha, in zauna ina kallon agogo kafin sahur.

Yanzu ga abin da na faɗa wa matar nan. Bayan an cire tallafin mai an kuma saki naira a 2023, kuɗin magunguna ya haura, ni ma sai na fara tsallake rana. Sati biyu ban ji komai ba, har na ce ashe dai likitocin nan tsoratarwa suke yi. Abin da ban gane ba, maganin yana daɗewa a jini, sai kusan kwana 7 rabinsa ke fita, shi ya sa illar ke zuwa a hankali. Wata na biyu fuskata ta kumbura, muryata ta dushe, ina koyarwa a aji kalma ta ɓace min a baki yara suna kallona. Wallahi ranar kuka na yi a ofishin malamai. Da na koma asibiti likita ba ta yi min faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: "Me ya hana ki gaya min?" Ta rubuta min wani samfurin mai sauƙin kuɗi, ta ce bayan sati 6 in dawo a sake gwaji, don duk wanda ya canza samfuri ya kamata a duba shi.

Abin da ke ɓata min rai, masu tallan magani a mota da lasifika yanzu har tayirod sun sa a jerinsu, wai sati uku ka rabu da ita. Tsokar da ta lalace ba ta dawowa da jiƙo. In TSH ɗinki ya daidaita, ƙwayar ce ta daidaita shi, kar ki ajiye ta ki ce kin warke.

Matar ta koma ciki ta karɓi na wata guda cif, na cika mata abin da ya rage. Na ce mata kar ta ajiye shi a kicin ko a taga, zafi na rage masa ƙarfi. Ta ce ai a kan firji take ajiye nata, kusa da risho.