Mai Ido Ɗaya

Ranar da malaminmu ya kai mu bakin teku a Legas, gaskiya raina aikin na yi. Muka shiga ruwa iya gwiwa, muka ja wata raga mai laushi, muka juye abin da ta kamo cikin kwalba. Ni dai ban ga komai ba sai ɗige-ɗige suna tsalle.

Da aka sa ɗigo ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ga wata halitta da ba ta wuce milimita 2 ba, dangin ƙaguwa da jatan lande. Jikinta gaɓa-gaɓa, wutsiya ta rabu biyu, ido ɗaya tal a goshi. Kofifod ake kiran ta.

Malam ya ce mu dubi ƙahonninta. Masu dogaye, kalanoid, shawagi suke cikin ruwa. Masu gajeru, harfaktikoid, tsakanin yashi suke zama. Masu matsakaita su ne saiklofoid, macensu jakar ƙwai biyu take ɗauka. Tantance ainihin jinsi kuwa, sai an duba ƙafa ta biyar.

Sai ya ƙara da cewa 'yar'uwarsu ta kududdufi, Saiklos, ita ke haɗiye tsutsar kurkunu, mutum ya sha ta cikin ruwa.

Gabana ya faɗi. Na tuna daminar da Baba ya kwanta da kurkunu, gonarmu ta zama ciyawa. A 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar. Da mun san mai ido ɗayan nan a lokacin, ƙyallen tace ruwa ya ishe mu.